Gyaran Turba da Gayya a Kwanakin Hunturu

Hanyoyin da a ke bi cikin ƙasarmu iri uku ne. Akwai gwadabe, watau babbar hanya wadda motoci ke bi, ita kuwa gwamnati ke ɗauke da nauyinta. Akwai burtali, inda dabbobi ke wucewa tsakanin gonaki su tafi kiwo ko mashaya. Sa'an nan akwai turba, 'yar siririyar hanyar nan da ƙafafun mutane suka fitar, wadda kan tashi daga bakin gari, ta ratsa gonaki da fadamu, har ta kai wani ƙauye ko ta sadu da gwadabe. A kan ta ukun nan mu ke so mu yi magana, gama ita ta fi yawa, ita ce kuma ba wanda a ke biya don ya lura da ita. Za mu nuna abin da ke ɓata ta, da lokacin da ya fi kyau a gyara ta, da yadda za a tara jama'a su yi aikin da son ransu. Mun ɗauki ƙasar Ɗandume don misali, amma malamin kowane ƙauye ya iya auna maganar da tasa ƙasa.

1. Ƙasar Ɗandume da turbobinta

Ɗandume tana kudancin Jihar Katsina, yamma da Funtuwa, kusa da Sabuwa da Faskari da iyakar Jihar Kaduna. Tana cikin yankin nan na Funtuwa da Bakori da Malumfashi wanda Allah ya yi wa albarkar noma. A nan a ke noma masara, da dawa, da shinkafa, da auduga, da waken suya. Kasuwar Ɗandume kuwa ta yi suna wajen hatsi, fatake na zuwa mata daga nesa da manyan motoci. Tun da aka buɗe hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta bi ta Funtuwa zuwa Gusau da Ƙauran Namoda cikin 1929, amfanin gonar wannan yanki ya sami ƙofar fita zuwa duniya.

Amma mu tuna, ba jirgi ko mota da ke shiga gona. Kowane buhu da muka gani a kasuwa, a kan turba ya fara tafiya, ko bisa kan mutum, ko bisa jaki, ko cikin amalanke, ko a bayan babur. In turba ta lalace, mai amalanke ya ƙi zuwa, mai babur ya ninka kuɗinsa, manomi kuwa ya sayar a bakin gona yadda mai saye ya ga dama. Wannan hasarar dukiya ce kaɗai. Akwai wadda ta fi ta. Mace na naƙuda da tsakad dare, asibiti na Ɗandume ko Funtuwa, ga kwazazzabo ya yanke hanya. Yaro na son zuwa makaranta cikin watan Agusta, ga mashigin rafi ya zama tarko. Duk wanda ya zauna ƙauye ya san waɗannan ba tatsuniya ba ne. Mutanen dā sun ce zumunta a ƙafa ta ke, ƙafa kuwa sai da turba.

2. Babban abokin gāban turba

Mutane da yawa suna tsammani yawan bi ne ke kashe hanya. Yawan bi yana da nasa laifi, amma babban mai ɓarna shi ne ruwa. Ga yadda abin ya ke faruwa. Ƙafa da kofato da taya suna danne tsakiyar turba kullum, har ta yi ƙasa da gonakin da ke gefenta. Ƙasar da aka danne ba ta shan ruwa. Saboda haka da an yi ruwan sama, sai na gonaki ya gangaro ya haɗu da na turba, su mai da ita magudana. In wurin yana da gangare, ruwan ya ƙara gudu, gwargwadon gudunsa kuwa gwargwadon ƙasar da zai kwashe. Bana 'yar kwarya ce, baɗi ta kai gwiwa, shekara ta uku jaki ba ya iya tsallakewa. Sai masu tafiya su kauce su bi ta cikin gonar wani, daga nan kuma rigima ta tashi.

Bari mu yi lissafi don mu ga yawan ruwan da mu ke magana a kansa. Mil ɗaya ƙafa 5,280 ne. A ce faɗin turba ƙafa 6 ne. In aka yi ruwan sama na inci ɗaya tak, ruwan da zai sauka bisa mil ɗaya na wannan turba ya fi galan 16,000. Garwar kananzir galan 4 ta ke ci, watau ke nan garwa fiye da 4,000. A ƙasar Funtuwa da kewayenta kuwa, ruwan damina guda ya kan kai wajen inci 40, watau milimita 1,000, wani lokaci ya fi, mafi yawansa kuma cikin Yuli da Agusta da Satumba ya ke sauka. Wannan ban da wanda ke malalowa daga gonaki. To, wanda ya gane wannan lissafi ya gane rabin darasin nan. Gyaran turba duka, in an taƙaita, nema wa ruwa hanyarsa ne dabam, don ya bar wa mutane tasu.

3. Me ya sa sai da hunturu?

Da damina kowa na gona, ba mai zarafi, ƙasa kuma ta yi taɓo, abin da aka cike yau gobe ya tafi. Da kaka hankalin kowa na wajen girbi. Da bazara zafi ya hana aikin ƙarfi, ƙasa ta bushe ta zama kamar dutse, rafuka sun ƙafe, samari kuma da yawa sun tafi cin rani. Saura hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu, musamman farkonsa. Dalilanmu huɗu ne.

Na ɗaya, ɓarnar damina tana nan a fili, kowa na iya ganin sawun ruwa, inda ya shigo da inda ya fita. Na biyu, ƙasa ba ta gama bushewa ba, diga da fartanya suna kama ta, akwai kuma sauran ruwa a fadama wanda za a yayyafa a daɓe. Na uku, sanyi yana taimakon mai aikin ƙarfi, in an bari hantsi ya ɗan ɗaga. Na huɗu, lokacin ne a ke jigilar dawa da auduga, kowa na jin ciwon hanya a jikinsa, ba sai an yi masa dogon wa'azi ba. Ga shi kuma rumbu ya cika, ba wuya a sami hatsin da za a yi wa ma'aikata fura. Saboda haka shawararmu ita ce, da an gama yankan dawa a sa rana, kada a bari samari su watse tukuna.

4. Yadda a ke aikin

Da fari sai dubawa. Kwana biyu ko uku kafin ranar gayya, dattawa biyu da samari biyu su bi turbar daga farko har ƙarshe, su kafa turaku inda aiki ya ke. Ya kamata a tambayi mata masu ɗebo ruwa da itace, da yara masu talla, gama su suka fi kowa bin ta. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo.

Na biyu, sassabe. A sare gamba da sabara da geza da sarƙaƙiya da suka rufo, har jaki mai mangala ya wuce ba abin da ya taɓa shi. A cire kututture daga tushe, don shi ke fasa yatsa da dare. Manyan itatuwa kamar ɗorawa da kaɗanya da tsamiya, reshen da ya sauko kaɗai za a datse, domin inuwarsu ta matafiyi ce, saiwarsu kuma ita ke riƙe ƙasa. Ciyawar da aka sare a tara ta gefe ɗaya, mai jinka ko mai dabba ya kwashe. Kada a sa mata wuta. Iskar hunturu ba ta da amana, ga karan dawa ko'ina, ga dammunan hatsi da auduga ba a gama kwashewa ba. Ashana ɗaya ta isa ta cinye wahalar shekara. A kuma yi hankali da maciji da kunama wajen ɗaga dutse ko tsohon icce, a fara turawa da sanda kafin a sa hannu.

Na uku, lambatu. A haƙa 'yar magudana a kowane gefe, marar zurfi, mai faɗi. Kada a bar ruwa ya yi doguwar tafiya cikinta. Bayan kowane ɗan taƙi a fitar masa da ƙofa a karkace, ya tafi cikin ciyawa ya bazu. Inda gangare ya yi tsanani, ƙofofin su fi kusa da juna. Amma kada a juya ruwa cikin gonar mutum sai da saninsa da yardarsa.

Na huɗu, doro. Tsakiyar turba ta ɗara gefenta tsawo kamar bayan kunkuru, inci 2 ko 3 sun isa ga turba mai faɗin ƙafa 6. Da marmara ko tsakuwa a ke ciko, ba da baƙar ƙasar gona ba, gama ita da ta sha ruwa sai ta narke. A zuba kaɗan, a yayyafa ruwa, a daɓe, sa'an nan a ƙara, kamar dai yadda mata ke daɓen ɗaki. Ramin da aka cike gaba ɗaya ba daɓe, ruwan fari zai buɗe shi.

Na biyar, gangare da kwazazzabo. A kan gangare, a binne gungume ko jerin duwatsu a gicciye, a ɗan karkace, don ya tare ruwa ya kai shi gefe. Cikin kwazazzabo kuwa, a jera 'yan shingaye gajeru da duwatsu, ko da turaku da aka saƙa da rassa, ko da buhunan ƙasa. Tsakiyar kowane shinge ta fi gefensa gajarta, don ruwa ya bi ta bisa, in ba haka ba sai ya zaga ya ci gaɓa. Gajeru goma sun fi dogo ɗaya. Kowannensu zai rage gudun ruwa, ya tare yashi, a hankali ramin ya cike kansa. In damina ta kusa, a dasa jema ko gamba a bakin wurin, saiwarsu ta ɗaure ƙasa.

Na shida, mashigin rafi. A sassauta gaɓa ta yi kwance don dabba mai kaya, a shimfiɗa duwatsu a ƙasan mashigin. In akwai kadarko, a duba itacensa, gama gara tana ci daga ciki, waje kuwa ya yi kamar lafiya lau.

5. Gayya dabam, tilas dabam

Duk wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kakanninmu sun bar mana dabarar yinsa, watau gayya. Mai gona ya kan gayyaci samari ta hannun sarkin noma ko shugabansu, ya tanadi fura da goro, makaɗa na kiɗa, a yi masa noma yini guda ba lada, ran da abin ya zagayo kan wani shi ma ya je. Da irin wannan taro a ke yashe rijiya, a gyara masallaci da makabarta. Tun muna makarantar allo malamanmu suka karantar da mu cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne. Muhammadu Bello kuma, wanda ya yi sarautar Musulmi daga 1817 zuwa 1837, ya rubuta wa Sarkin Katsina Umarun Dallaji littafin Usulus Siyasa, a ciki ya lissafa kula da kasuwanni da hanyoyi da gadoji cikin abubuwan da ke wuyan shugaba. Ashe maganar nan ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katsina.

To, me ya sa wani lokaci in aka yi shelar gyaran hanya sai ka ga mutane suna noƙewa? Akwai tarihi a bayan abin. A farkon mulkin Turawa an yi ta tara talakawa ta hannun sarakuna da hakimai, su sare hanya, su ɗauki kaya, ko suna so ko ba su so. Hanyar jirgin da aka ja daga Baro zuwa Kano tsakanin 1907 da 1911, da yawan ma'aikatanta haka aka samo su. Mutane suka riƙa gudu daji in sun ji dogari. Cikin 1930 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zauna a Janiba ta yi yarjejeniyar hana aikin tilas, a 1933 kuma aka yi dokar da ta taƙaita shi a Nijeriya. Abin lura shi ne, yarjejeniyar nan ta 1930 ta ware ƙananan ayyukan gari ba ta hana su ba, amma da sharaɗi: ya zama mutanen garin ne ke yi, don amfanin kansu, kuma a yi shawara da su ko da wakilansu a kan ko aikin ya wajaba.

Sharaɗin nan shi ne ainihin abin da ya raba gayya da tilas. Ga alamun gayya ta gaskiya. An yi shawara a fili kafin a sa rana. Turbar da za a gyara ta kowa ce, ba wadda ta nufi gonar mai gari kaɗai ba. Babba da yaro duk sun fito, wanda ba ya iya riƙe fartanya ya kawo hatsi ko goro, mai amalanke ya ɗebo marmara, maƙeri ya wasa kayan aiki, mata su dama fura. An faɗi lokacin tashi, an kuma cika. In an tara kuɗi, an karanta lissafinsu gaban jama'a. Ran da ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, bana za a zo don kunya, baɗi ba za a ga kowa ba.

6. Kowane yanki da mai shi

Gayyar yini ɗaya tana gyara turba, amma ba ta tsare ta. Abin da a ka ce na kowa ne, sau da yawa ba mai dubansa. Cikin 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar DFRRI, aka buɗe hanyoyin karkara masu yawa cikin ƙasa, amma da yawansu ba a sa wanda zai riƙa share lambatunsu ba, damina kaɗan suka koma yadda su ke dā.

A nan akwai abin koyi daga Amurka. Suna da wata turbar ƙafa bisa duwatsun Afalaciya, tsawonta ya fi mil 2,000, ta ratsa jihohi 14, an gama ta cikin 1937. Mafi yawan masu gyaranta 'yan sa kai ne, ƙungiyoyi wajen 30. Dabararsu ita ce an yanka turbar gunduwa-gunduwa, kowace ƙungiya da rabonta, cikin ƙungiya kuma kowane mutum ya san yankinsa. In iska ko ƙanƙara ta kā da itace bisa hanya, an san wanda zai zo ya sare. Su don shan iska su ke bin tasu, mu kuwa abincinmu da lafiyar iyalinmu ke bisa tamu. In sun iya, mu muka fi su dalili.

Ga lissafin da zai nuna abin ba shi da wuya. Mil ɗaya yadi 1,760 ne. In magidanta 40 suka raba, kowa ya sami yadi 44. Wane magidanci ne zai kāsa share lambatun yadi 44 sau biyu cikin damina? A kafa dutse a iyakar kowane rabo, mai unguwa ya riƙe sunayen. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sai in kowa ya san inda zai tsaya.

7. Inda gayya ta tsaya

Kada mu ɗora wa gayya abin da ba ta iyawa. Kwalbati da gada ta siminti suna bukatar injiniya da kuɗi. Tsarin Mulki na 1999 ya sa gina hanyoyi da magudanai da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Saboda haka in aka iske wurin da ya fi ƙarfin fartanya, a auna faɗinsa da zurfinsa, a rubuta takarda ta hannun dagaci da hakimi da kansila zuwa ƙaramar hukuma. Jama'ar da ta gyara mil uku da hannunta, ta zo tana roƙon kwalbati ɗaya, maganarta ta fi nauyi bisa ga wadda ta zauna tana jira.

Akwai kuma maganar tsaro. Ƙasashen Ɗandume da Sabuwa da Faskari sun sha wahalar 'yan bindiga, har cikin Satumba 2021 aka rufe layukan waya a wannan yanki na wani lokaci. Don haka kada a fita aiki nesa da gari sai an shawarci shugabanni da masu tsaro, a tafi tare, a komo tare tun rana ba ta yi sanyi ba. Ba turbar da ta kai ran mutum.

8. Rabon malamin makaranta

Mu da za a rarraba ƙauyuka mu koyar, muna da hannu cikin wannan al'amari. Malami ba shi ne mai gari ba, kada ya yi shela da bakinsa. Nasa shi ne ya kai shawara wurin mai unguwa da liman cikin ladabi, ya riƙe takarda da lissafi in an sa shi, ya kuma fito da fartanyarsa ran aiki. Yara kuwa ba a ba su diga ko gatari. Su auna turba da igiya, su zana taswirarta, su tsince ƙaya da kwalba. Da haka darasin lissafi da na labarin ƙasa sun fita daga allo sun sauka ƙasa, yaron da ya auna kwazazzabo da hannunsa kuwa ba zai manta abin da ruwa ke yi ba.

Ga tambayoyi da za a ba 'yan aji:

(a) Faɗi bambancin gwadabe da burtali da turba.
(b) Don me tsakiyar shingen kwazazzabo ta ke fin gefensa gajarta?
(c) Turba mai tsawon mil 2 da rabi, magidanta 55 za su raba daidai. Yadi nawa kowa zai samu?
(d) Kawo abubuwa uku da suka raba gayya da aikin tilas.
(e) Zana turbar da ka ke bi zuwa makaranta, ka sa alama duk inda ruwa ke tsallake ta.

Muna roƙon 'yan'uwanmu da za su tafi gida hutun nan, kowa ya bi turbar garinsu da ido, ya komo mana da labarin abin da ya gani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa ta iske hanyoyinmu a gyare, amin.